Ƙarfen Da Ba A Taɓa Ɗorawa A Sikeli Ba

Akwai wani bawan Allah a garin nan na Kaduna wanda ya naɗa wa kansa sarautar ƙarfi ba tare da kowa ya ɗaura masa rawani ba, kuma a 'yan kwanakin nan bakinsa ya kai kan Iron Biby, shahararren majiyin ƙarfin nan mai ɗaga gungume. Yana gaya wa mabiyansa a Facebook da TikTok cewa abin da mutumin Burkina Faso ya ɗaga ba wani abin a zo a gani ba ne, wai shi ma da zai samu biza da kuɗin jirgi, da tuni an daina maganar kowa sai tasa. Ba zan kama suna ba, domin mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Amma tun da an taɓa mutumin da yaran da muke horarwa suke koyi da shi, wajibi ne a gaya wa jama'a ko shi wane ne, da irin wuyar da ya sha kafin duniya ta san da zamansa.

Sunansa na yanka Cheick Sanou, an haife shi a Bobo-Dioulasso a shekarar 1992. Yaro ne mai ƙiba wanda 'yan makarantarsu suka mayar abin tsokana, har girman jikin da yau yake alfahari da shi ya zame masa abin kunya a lokacin. Yana ɗan shekara 17 ya tafi Kanada karatu, a can ne kuma ya kama ƙarfe. Ya yi shekaru yana tsuguno da nauyi a kafaɗa, yana tura shi daga ƙirji, yana ɗago shi daga ƙasa, a lokacin da babu mai ɗaukar hotonsa kuma babu mai tafa masa, kafin ya shiga gasar majiya ƙarfi, inda ya yi fice a ɗaga gungume.

Wanda bai taɓa rungumar gungumen nan ba zai ɗauka wasa ne, shi ya sa nake so mutumin namu ya karanta wannan wuri a tsanake. Gungume ne mai kauri na ƙarfe ko na katako, mariƙansa biyu suna can cikin cikinsa. Sai ka fara ɗago shi zuwa cinya, ka tsuguna ka rungume shi, sannan ka mirgino shi bisa ciki har ya hau ƙirji. A nan ne ake sanin namiji, domin kaurinsa yana tura kanka baya, nauyinsa yana danne numfashi, idanu su yi ja, kunnuwa su toshe, kuma a cikin wannan hali za ka ɗan rusuna ka cilla shi sama, ka miƙe gwiwoyin hannu sarai, ka tsaya cik ba tangaɗi har sai alƙali ya sauke hannunsa. Idan ka saki kafin ya ba da alama, duk wahalarka ta tashi a banza, ko da filin gaba ɗaya yana yi maka ihu.

Žydrūnas Savickas na ƙasar Lituweniya shi ne ya kafa tarihin kilo 228 a Birazil a 2015, kuma shekara shida ƙattin duniya suna kai wa wannan lamba hari suna dawowa hannu rabbana. A watan Satumba na 2021, a birnin Gilasgo, Biby ya ɗaga kilo 229 a gaban alƙalai da dubban 'yan kallo. A 2023 ya kai shi 230, a 2024 kuma 231. Jama'a su lura da kyau: wanda ya fi kowa iya wannan abu a doron ƙasa, da kilo ɗaya-ɗaya yake ƙarawa, tsakanin wani ƙarin da wani kuwa sai an yi kusan shekara ko fiye. Mu kuwa a Kaduna Allah ya haɗa mu da wanda ƙarfensa ke ƙara nauyi duk mako, gwargwadon yawan waɗanda suka kalli bidiyon da ya gabata.

Shi kansa Savickas ɗin da aka karɓe wa tarihi, jijiyoyin gwiwoyinsa biyu suka tsinke a wata gasa a 2001, har mutane suka yanke cewa tasa ta ƙare. Ya warke, ya dawo, ya zo na biyu a gasar wanda ya fi kowa ƙarfi a duniya sau uku a jere, daga 2002 zuwa 2004, bai ɗauki kambun ba sai a 2009, daga baya kuma ya cika sau huɗu. Eddie Hall na Ingila da ya ɗago kilo 500 daga ƙasa a 2016, jini ne ya ɓalle masa ta hanci, ya zube a wurin. Jón Páll Sigmarsson na Ayislan, wanda ya ci gasar duniya sau huɗu, ajali ya riske shi a 1993 yana tsakiyar atisaye, yana da shekara 32 kacal. Wannan ita ce sana'ar da wani yake raina masu yinta daga kan kujerar roba, alhali ko tafin hannunsa bai yi kanta ba.

Mun san ƙarafan nasa, domin unguwa ɗaya ba ta ɓoye wa juna komai. Siminti ne aka zuba a bokitin fenti, aka shafe shi da baƙin launi, aka rubuta masa lambar da rai yake so. Ana kafa waya a ƙasa tana kallon sama don mutum ya cika fuskar hoto, yara biyu suna tallafe da bakin sandar ta inda kyamara ba ta kaiwa, sannan a datse bidiyon kafin a ga yadda kayan suka sauko. Kada wani ya ce siminti nake rainawa. Mu ma da shi muka fara, har gobe kuma ƙarafan wurinmu daga Panteka aka harhaɗo su, tsofaffin kayan mota ne da mai walda ya liƙa mana a jikin sanda. Bambancin kawai shi ne, kowane ɗaya sai da muka ɗora shi a kan sikelin masu sayen ƙarfe, abin da sikeli ya nuna shi muka rubuta, ko da lambar ba ta yi mana daɗi ba. Talauci ba abin kunya ba ne a wannan harka, ƙarya ce abin kunya.

Da abin ya tsaya a kan cika baki, wallahi da ban ɓata lokacina ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne allurar da ake ɗirka wa 'ya'yan mutane a bayan ɗaki da sunan sinadarin gina jiki. Wani yaro mai koyon kanikanci ya zo wurinmu yana ɗingishi. Da aka matsa masa ya nuna mana cinyarsa, sai ga ƙurji ya kumbura ya yi ruwa a daidai inda aka soka masa allura, bayansa duk ƙuraje, kuɗin da ya tara na wata da watanni kuma sun tafi a kan 'yar kwalbar da ko rubutun jikinta bai iya karantawa ba. Ba a gaya masa cewa irin waɗannan magunguna suna jawo hawan jini ba, suna lalata hanta, suna kumbura zuciya, suna sa ƙirjin namiji ya fito kamar na mace, suna kuma iya taɓa haihuwa. An dai nuna masa damtse a waya, an ce nan da wata uku zai zama haka. Gaskiya ne cewa wannan annoba ta shiga har cikin manyan gasanni, domin Mariusz Pudzianowski na Folan, mai kambu biyar, an soke masa matsayi na uku a 2004 saboda gwaji ya nuna haramtaccen sinadari a jikinsa. To idan wanda duniya ta sani bai tsira daga hukunci ba, da wane ido mai sayar wa ɗan shekara 17 allura zai kalli mahaifiyar yaron ranar da aka kwantar da shi a asibiti?

Maganar biza kuma a daina fakewa da ita. Tun 1977 ake gasar wanda ya fi kowa ƙarfi a duniya, ɗan Afirka bai ɗauke ta ba sai a 2025, lokacin da Rayno Nel na Afirka ta Kudu ya yi nasara, kuma sai da ya fara kayar da na gida kafin na waje su gayyace shi. Daga Tudun Wada zuwa Kawo ba a tambayar fasfo. An sha aika wa malamin goron gayyata idan matasa suka haɗu don gwada ƙwanji, amma kullum da uzurinsa: yau ciwon baya, gobe tafiya Abuja, jibi kuma wai mahassada sun yi masa shiri. Ko a dambe, wanda ya gaji Shago a fili ake ganinsa da hannu a naɗe, ba a bakin mai shayi ba.

Muna nan kowace Asabar bayan sallar Asuba, gungumenmu a aune yake, alƙalin ma shi zai zaɓo wanda ya yarda da shi. Idan ya ɗaga rabin abin da Biby ya ɗaga, ya tsaya har a sauke hannu, ni da kaina zan ɗauki bidiyon in sa a shafina ba tare da na datse ko daƙiƙa ɗaya ba. Batun allura kuwa ba zai jira Asabar ba, domin iyayen yaran da abin ya shafa sun riga sun ji daga bakinmu, kuma mai unguwa shi ne na gaba.