Ku ƙyale yarinyar nan ta tafi Masar

To, mun ji. Mun ji Alhaji ya yi wauta da ya sayar da filinsa na hanyar Dukku don 'yarsa ta tafi Masar karatun likita. Mun ji wai sai wanda ya kasa a gida ke gudu waje. Tun ranar walimar bankwana ake yanko mana wannan fatawa a majalisun Jekadafari a nan Gombe, daga bakin mutanen da ko ƙofar ajin kimiyya ba su taɓa leƙawa ba. Sannunku da aiki, farfesoshin bakin titi.

Ba kasawa ta yi ba, kujera ce babu. Zan ta faɗa har ya shiga kunne: kujera ce babu.

Kowace makarantar likitanci a Najeriya tana da adadin ɗaliban da hukumar MDCN mai kula da aikin likitoci ta amince ta ɗauka, gwargwadon malamanta da ɗakunan gwaji da gadajen asibitin koyarwarta. Ko yara nawa ne suka ci JAMB da maki mai kyau, wannan adadin ba ya ƙaruwa don an yi kuka. Ku duba abin da ke kusa da mu, irin su Jami'ar Jihar Gombe da ATBU a Bauchi da jami'ar kimiyyar lafiya da aka kafa a Azare a 2021. Daga nan sai yaro ya miƙa Maiduguri ko Jos ko Kano ko Zariya, inda zai tarar da layi tun kafin ya sauka daga mota. Shekara biyu yarinyar nan tana rubuta jarabawa, ana miƙa mata kwas ɗin da ba ta nema ba. Me kuke so ta yi? Ta zauna tana wanke-wanke har kujera ta faɗo daga sama?

Sai wani ya gyara hula ya ce ai in sun dawo faɗuwa suke yi. E, akwai jarabawar da MDCN ke yi wa duk wanda ya karanto likitanci a waje kafin a ba shi lasisi, kuma ana faɗuwa. To sai me? Ai rariya ce, tana aikinta. Ba mai taɓa majinyacinka sai ya tsallake ta, ya yi shekara guda yana koyon aiki a ƙarƙashin manyan likitoci. Tsoron me kake ji?

Wani kuma yaƙi ya ɗauko. Wannan kam ba abin dariya ba ne. Mun ga abin da ya sami ɗalibanmu a Yukiren a Fabrairun 2022, mun ga na Sudan a Afrilun 2023 suna zube a bakin iyakar Masar suna jiran a buɗe musu hanya, iyaye a nan ba barci. Mun kuma san yadda dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 zuwa sama da 1,500 bayan sakin naira a Yunin 2023, har wasu iyayen suka rasa yadda za su ƙarasa biya. Alhaji ya san duk wannan, ba a ƙauye yake kwana ba. Amma ku da kuke ta "gida ya fi", kun manta 2022 da yajin aikin ASUU ya ci wata takwas cur? Karatun shekara shida ne, a nan wa ke iya rantse maka ranar gamawa? Kuma ko da gidan ya fi, na ce kujera ce babu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne masu cewa mace ce, bai dace ba. Ku ne fa in matarku ta je awo ko naƙuda ta tsananta, kuke tsayawa a bakin ƙofa kuna cewa ku likita mace kuke so. Daga ina za ta fito? Wallahi duk wanda ya taɓa ɗauko mai haihuwa daga ƙauye cikin dare, ya tarar likita ɗaya ke riƙe da asibiti gaba ɗaya, ba zai yi wa mai son karatun nan dariya ba. Addu'a zai yi mata. Allah ya tsare ta, ya ba ta sa'a, ya mayar wa mahaifinta da abin da ya fi filin.

Batun wai za ta gama ta wuce Saudiyya ko Ingila, ba zan ɓata yawu ba. Waɗanda suka karanta a nan gida ƙusa aka kafe su da ita?

Af, tunda bakina ya buɗe. Ku dillalan nan masu shago ɗaya da kwamfuta ɗaya, da kuke karɓar miliyoyin bayin Allah kuna tura yara makarantun da ku kanku ba ku san ko MDCN za ta karɓi takardarsu ba, ku ma kuna cikin lissafina. Ɗaya daga cikinku har yanzu yana riƙe da fasfon ɗan maƙwabcinmu, kullum aka je sai yaron shago ya ce oga ya tafi Abuja.