Hilux ɗin gona da Hilux ɗin yawon Juma'a ba ɗaya ba ne

Kwanan nan na lura duk wanda Allah Ya hore wa Hilux a ƙauyukanmu na Jigawa, ko da ta hannu ce, kafin ya gama biyan kuɗin takardu samarin gidan sun fara turo masa bidiyo daga TikTok, wai a ɗaga ta, a sa mata manyan tayoyi, a ɗaura mata ƙarfe a gaba da fitilu a saman kai. Ni dai ra'ayina a bar mota yadda kamfani ya ƙero ta, kuɗin kwalliyar a zuba shi a taya mai kyau da shakazoba da sabis a kan lokaci. Kuma ina faɗin haka ne daga Riyad, garin da nake ganin motocin da ake ɗauka a irin waɗancan bidiyoyin ido da ido.

A nan Saudiyya masu shiga rairayi kashi biyu ne. Akwai samarin birni da ke fita wajen Sumama, arewa da Riyad, ranar Juma'a da Asabar su yi ta hawan tudun yashi har dare, motocinsu an ɗaga su an canza salansa, ƙara kamar za a tsaga ƙasa. Sai kuma masu raƙuma, waɗanda sahara ce gidansu kuma ita ce wajen sana'arsu. Su motarsu Land Cruiser a-kori-kura ce da suke kira shas, ko Hilux fara mai ƙofa biyu, ko tsohuwar Datsun, kuma wallahi yawancinsu yadda ta fito daga kamfani haka take, sai dai tankin ruwa da buhunan sha'ir a baya. In dattijo ya zo inda kwalta ta ƙare sai ya sauko ya tsuguna gaban taya, ya danna bakin iska da tsinke ko kan makulli, yana sauraren fitar iskar yana duban cikin tayar har ta ɗan baje a ƙasa, wajen 15 zuwa 18 a gejin auna iskar taya, ya zagaya duka huɗun, ya shiga ya sa fowil, wato giyar da ke sa tayoyi huɗun duka su ja, ya tafi a hankali ba tare da taka totur da ƙarfi ba. Yashin da yaro mai mota ta rabin miliyan na riyal ya kafe a ciki, shi haka zai ratsa shi da ɗan raƙumi yana kuka a baya. In zai dawo kan titi yana da ɗan injin iska da ake maƙalawa a batir, minti kaɗan ya mayar da iskarsa.

Abin da bidiyo ba ya nuna maka, yaron can mai ɗagaggiyar mota ba ita ce motar zuwa aikinsa ba, yana da wata a gida. In ya karya shaf yau, abokai goma ne a wajen da igiya, gobe babbar mota ta ɗauke ta zuwa gareji a Sina'iyya, unguwar masu gyaran motoci. Mai ma bai dame shi ba, fetur ɗan 91 riyal 2.18 ne lita, kuma haka farashin yake tun 2021. Ga kuma fahas, binciken lafiyar mota da ake yi lokaci-lokaci, wanda shi ma yana taka wa mutane birki kada su wuce gona da iri.

To mu fa? Hilux a ƙauyenmu ita ce komai. Ranar Lahadi tana Gujungu, Alhamis tana Maigatari da tumaki, lokacin kaka tana kwaso riɗi da zoɓo a kai inda tirela za ta iya shigowa ta wuce Dawanau, da rani tana cikin fadamun Auyo da Hadeja tana fito da shinkafa shanshera. In naƙuda ta zo wa mace da gardama ƙarfe biyun dare ita ce dai za a buga wa ƙofa a shimfiɗa katifa a baya. Motar da take wannan aiki kwana uku a gareji asara ce ga gari guda, ba ga mai ita kaɗai ba. Sannan tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, litar da muke sha ƙasa da naira 200 ta yi tashin da har ta taɓa haura dubu, kuma yawancin Hilux ɗin da ke hannun mutanenmu mai injin fetur 2.7 ce, wadda dama can ba ta wasa da mai. Ka ɗauki irin wannan mota ka yi mata shigar samarin Sumama, kamar ka ɗaura wa jakin kai taki kayan dokin hawan sallah ne.

Bari mu zo kan ɗagawar kanta, don a nan mutane suka fi yaudarar kansu. Abin da ke fara taɓa ƙasa a hanyar da amalanke da tarakta suka haƙa ramuka biyu suka bar tudu a tsakiya shi ne tulun aksul na baya. Ko ka ɗaga jikin mota taku guda, wannan tulun yana nan inda yake, don shi a kan taya yake zaune, sifirin ne a samansa. Kenan ka biya kuɗi mota ta yi tsawo a ido amma inda take kafewa bai canza ba. Gaba kuma, Hilux daga ƙirar 2005 zuwa yau kowace ƙafar gaba da nata hannun da nata shaf, in ka ɗaga sai shaf ɗin ya karkace fiye da yadda aka tsara shi, robar da ke rufe gaɓar ta riƙa tsagewa, yashi ya shiga ya haɗu da giris, wata biyu uku ka fara jin ƙas ƙas ƙas in ka karya kwana. Boljoyin da tarod su ma su bi sahu, tayar gaba ta riƙa cinyewa gefe ɗaya. Wanda ya fi ba ni tsoro ma shi ne nauyi da ya koma sama. Mu da muke jera buhu har ya wuce kan direba, a ɗora mutane biyar a saman buhun, ka ƙara wa wannan tsawo sannan akuya ta gitta a burji direba ya fizgi sitiyari, Allah dai Ya kiyaye.

Manyan tayoyi su kam gaskiya suna ɗaga aksul, amma a yi lissafi. Tayar 265/65R17 da ke zuwa da wasu Hilux tsayinta wajen inci 30 da rabi ne. In ka koma inci 33 da ake yayi, abin da ka samu a ƙarƙashin aksul wajen santimita 3 ne kawai. Abin da ka biya kuma, tayar ta ƙaru da kusan kashi 8 cikin ɗari, wato giya ɗaya ta yi nauyi, tashi da lodi a cikin yashi sai ka yi ta ƙona kuloci, birki ya ƙara nisa kafin ya tsayar, allon gudu yana nuna maka 100 alhali kana kan 108, mai kuma ya ƙaru. Safaya ma wani lokaci ba ta shiga mazauninta na ƙasa. Kuma ranar da ƙayar aduwa ko guntun ƙarfe ya yaga maka gefen taya a wajen Birniwa ko Guri, ka je ka tambayi mai faci ko yana da inci 33 ko ta hannu ce ka ji amsar da zai ba ka.

Ƙarfen gaba shi asalinsa na mutanen Ostareliya ne da dabbar kangaru ke faɗo musu kan titi da dare, kuma nasu ana ƙera shi ne daidai da jakar iska ta motar. Namu mai walda ne zai lanƙwasa bututun ruwa ya ɗaure shi a shasi, ya tare rabin iskar da ke shiga lagireto, a ƙasar da zafin Afrilu ke haura digiri 40. Kuma duk kilon da ka ɗora na ado daga lodinka ka cire shi, don motar nan abin da aka yarda ta ɗauka bai wuce tan guda ba ko ƙasa da haka, buhu goma kenan na kilo ɗari har da kai direba a ciki. Ƙarfen gaba da injin jan waya da karagar sama sun cinye buhu ɗaya ko fiye kafin ka ɗora ƙwaya. Fitilun nan farare na saman kai kuwa ba sai na yi dogon magana ba, duk wanda ya taɓa tuƙin dare a hanyar Kano zuwa Hadeja ya san addu'ar da yake yi wa mai su.

Akwai wanda ya ce min ai bututun shaƙar iska da ake fitarwa ta gefen gilas dole ne saboda ambaliya, yana tuna min 2022 da ruwa ya cinye hanyoyi a Ringim da yankin Hadeja. Na ce Yaya, bututun nan injin kaɗai yake hana wa shan ruwa. Aksul da giyabos suna da 'yar ƙofar numfashi tasu, in sun shiga ruwa da zafinsu sai su zuƙe shi, man ciki ya koma kamar madara, bayan wata ɗaya boris ya fara kuka. Ga birenbos ga wayoyi. Kuma ruwan da ya kai ka buƙaci bututu, in yana gudu, ya isa ya ɗauke motar gaba ɗaya, ba ka ma san ko kwalbatin da ke ƙasa yana nan ko ya tafi ba. Amfaninsa ɗaya da na yarda da shi shi ne yana jawo iska daga sama inda ƙura ta fi sauƙi, amma in mai haɗa shi ya bar ɗan gibi a mahaɗa to ka buɗe wa ƙura hanya ne.

Dalilin da ya fi duk waɗannan ƙarfi a wajena shi ne bakanike. Abin da ya sa Fijo 404 da 504 a-kori-kura suka daɗe suna riƙe da kasuwannin ƙauye shi ne kowane gareji an san cikinsu kuma kayansu na ko'ina, ga kamfanin haɗa Fijo a Kaduna tun 1975. Hilux ma abin da ya ɗaukaka ta kenan. Ka kira yaron shago a Ƙofar Ruwa ka ce shakazobar gaba ta Hilux ƙirar kaza, ya ba direban motar haya, kafin la'asar tana tasha. Amma in shakazobarka ta musamman ce da aka yi odarta daga Dubai, ranar da ta fashe sai a jingine mota a jira wani mai zuwa Umara. Ranar sayarwa ma dillali da ya ga an yanka an yi walda zai fara rage kuɗi, yana cewa Alhaji motar nan an taɓa ta.

Kada kuma a ce samari kaɗai nake wa faɗa, don iyayenmu ma suna da nasu gyaran da ba sa kira gyara. A kai mota a ƙara mata ganyen sifirin uku huɗu a baya don ta ɗauki buhu ashirin ba ta zauna ba. Eh ba za ta zauna ba, amma birkin na buhu goma ne, boris na buhu goma ne, shasin ma haka, shi ya sa za ka ga tsohuwar Hilux ta lanƙwashe tsakanin kai da bodi, ko an yi mata ɗauri da faranti a wajen. Ganye ɗaya ga motar da kullum tana cikin lodi, ko a canza sifirin da ya gaji da sabo mai ƙarfi na kamfani, wannan ban ƙi ba.

In da ni ke riƙe da kuɗin, taya zan fara saya, girmanta na asali amma mai kauri ta ɗaukar kaya, sabuwa, in duba lambobi huɗun nan na gefe da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 1524 mako na 15 kenan a 2024, don ana sayar wa mutanenmu tsofaffin tayoyi da aka goge da man shafawa. Sai geji da ɗan injin iska na batir, a koya wa direba ya rage iska in zai shiga jigawa, kada ya sauko sosai in da lodi mai nauyi, kuma ya mayar kafin ya hau kwalta don taya mai ƙarancin iska a kan titi mai zafi fashewa take. Sai farantin ƙarfe a ƙarƙashin injin saboda kututturen gona, shebur, igiyar ja mai kyau, katako faffaɗa da za a ɗora jak a kai a cikin yashi, da matatar iska a canza ta a kai a kai lokacin hunturu. A kuma duba fowil ɗin yana shiga kuwa, don motoci da yawa da ake sayowa daga gwanjon ma'aikatu an cire musu farfelar gaba tun tuni, mai ita bai sani ba sai ranar da ya kafe a taɓo.

Wanda yake da mota biyu, ɗaya ta nema ɗaya ta nishaɗi, yana son ya ɗaga ta inci biyu da kayan kirki a hannun wanda ya iya saiti, kuɗinsa ne, ya more. Sai dai ya sani Hilux mai baƙin ƙarfe a gaba da baƙin gilas da fitilu a sama a hanyoyinmu kama take da ta jami'an tsaro ko ta ayarin ɗan siyasa, baƙin gilas ɗin ma sai da izinin 'yan sanda, kuma a kowane shinge sai an ce ya faka gefe ya fito da takardu.