Bayard Rustin: Shi ya yi aikin, shi aka ɓoye

Kowa ya san jawabin da Martin Luther King ya yi a gangamin neman 'yancin baƙar fata a Washington ranar 28 ga Agusta, 1963. Amma wa ya tara mutum kusan 250,000 a wuri guda, ya tanadar musu motoci da ruwa da makewayi, ya ƙayyade wa kowane mai magana mintunansa, aka watse lafiya kafin dare? Bayard Rustin ne, kuma cikin kimanin wata biyu ya haɗa komai.

Ba ranar ya fara ba. Ya sha ɗauri lokacin Yaƙin Duniya na Biyu saboda ya ƙi shiga soja. A 1948 ya je Indiya koyon gwagwarmayar lumana irin ta Gandhi, a 1952 ya zo Afirka ta Yamma ya gana da Nkrumah da Azikiwe. Da ya isa Montgomery, garin da King ke zaune a lokacin, a 1956, ya tarar da bindigogi a gidan King, yana cikin waɗanda suka shawo kansa ya ajiye su.

To me ya sa aka tura shi bayan fage? Rustin mai neman maza ne, bai kuma ɓoye ba. A 1953 an kama shi kan haka a birnin Pasadena na jihar California, aka yanke masa kwana 60. Daga nan takardar wannan hukunci ta zama makami. Sanata Strom Thurmond, mai kare wariyar launin fata, ya ɗaga ta a majalisa ana gab da gangamin. Wannan abokin gaba ne, ba abin mamaki. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne na cikin gida: a 1960 ɗan majalisa baƙar fata Adam Clayton Powell ya yi barazanar yaɗa ƙaryar cewa akwai wani abu tsakanin Rustin da King. King bai tsaya masa ba, ya karɓi murabus ɗinsa daga ƙungiyarsu. Shekara uku bayan haka, da aka zo shirya gangamin Washington, shi aka nemo, amma da muƙamin mataimakin A. Philip Randolph, shugaban gangamin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na san masu karatu da yawa ba su yarda da rayuwarsa ba. Amma shugabannin nan ba don tsoron Allah suka guje shi ba, don tsoron jarida ne, shi ya sa ba su taɓa ƙin cin moriyar basirarsa ba.

Ya rasu a 1987. Sai a 2013 Obama ya ba shi lambar girma mafi daraja ta farar hula, sai a 2020 gwamnan California ya yafe masa hukuncin Pasadena.