Wa ya ruwaito?

Akwai wani bawan Allah da aka hore wa iya zance. In ya ɗauko tarihin annabawa sai majalisi ya yi tsit, wasu na share hawaye. Baiwa ce, ba na yi masa hassada a kanta. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, duk ɗalibin da ya ɗaga hannu cikin ladabi ya ce, "Allah gafarta malam, wa ya ruwaito wannan?" nan take fuska ta canja, a kira shi mai busasshiyar zuciya, a ce irinsu ne ke ɓata wa mutane wa'azi. Ban ambaci sunan kowa ba. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

Ku saurari yadda ake ba da ƙissar Annabi Ayyuba, amincin Allah ya tabbata a gare shi. A sassauta murya, a haɗa yatsu biyu a nuna yadda wai tsutsa ke faɗowa daga jikinsa yana ɗauka yana mayar da ita, a ce wai an jefar da shi kan juji saboda wari. Alƙur'ani a Suratul Anbiya ya kawo mana addu'arsa ne, cewa cuta ta shafe shi kuma Allah ne mafi jin ƙan masu jin ƙai, aka amsa masa aka yaye. To tsutsar daga ina ta fito? Wane sahabi ne ya ji ta daga bakin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam?

In an matsa, sai a jawo hadisin Abdullahi ɗan Amru da ke cikin Bukhari, cewa ku ba da labari daga Banu Isra'ila babu laifi. Hadisin ingantacce ne. Amma me ya sa kullum a nan numfashi ke ƙarewa? Jumlar da ke biye a cikin hadisin nan dai ita ce, wanda ya yi mini ƙarya da gangan ya tanadi mazauninsa a wuta. Kuma Bukharin ne ya ruwaito daga Abu Huraira cewa kada mu gaskata Ma'abuta Littafi, kada mu ƙaryata su. Shi ya sa Ibnu Kasir, wanda ya rasu a 774 bayan Hijira, ya kasa Isra'iliyyat, wato labaran da aka ɗauko daga Ma'abuta Littafi, gida uku: wanda abin da ke hannunmu na Alƙur'ani da Sunna ya gaskata, wanda ya ƙaryata, da wanda aka yi shiru a kansa. Na ukun ana iya ambatonsa, ba a gina aƙida a kansa, ba a kuma jingina shi ga Annabi. Na biyun kuwa watsi ake yi da shi, ko da ya biyo ta hannun Ka'abul Ahbar ko Wahbu ɗan Munabbih, tabi'ai biyu da suka shahara da kawo irin waɗannan labarai.

Na san za a ce ai niyya ce mai kyau, so ake zukata su yi laushi. Nuhu ɗan Abi Maryam ma haka ya ce da aka tsare shi kan hadisan falalar surori da ya ƙirƙira, wai ya ga mutane sun juya wa Alƙur'ani baya. Malaman hadisi ba su karɓi uzurin ba, cikin maƙaryata suka rubuta sunansa. Abdullahi ɗan Mubarak, wanda ya rasu a 181, cewa ya yi isnadi, wato jerin waɗanda suka ruwaito magana, ɓangare ne na addini, ba don shi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Tambayar da ake jin haushinta ke nan, kuma magabata ne suka koya mana ita.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na Annabi Dawuda. A zauna gaban jama'a, har da yara, a ce annabin Allah ya hango matar wani sojansa, ya tura mijin bakin daga don a kashe shi ya aure ta. Subhanallah! Da mahaifin mai maganar aka jingina wa wannan, da sai an riƙe shi. Ibnu Kasir da ya iso ayoyin nan na Suratu Sad ya ce mafi yawan ƙissar daga Isra'iliyyat aka ɗebo ta, babu wani hadisi tabbatacce a kanta, ruwayar da aka kai ga Anas kuma ta biyo ta kan Yazidu Ar-Raƙashi ne, mutumin kirki amma mai rauni a hadisi. Sai ya tsaya ga karanta ayoyin, ya mayar da saninsu ga Allah.

Karatun da aka ba da wannan ƙissar a cikinsa har yau yana yawo a wayoyin mutane, ana turawa ana cewa Allah ya saka wa malam. Wanda ya yi shi ya san kansa. Ya fito a kan kujerar da ya zauna ya faɗa, da irin muryar da ya faɗa, ya janye shi.