Minti 12 a rana: horon da ya kamata a ƙara wa sojojin dajin Rugu

Sojan da ya kwana uku a bakin dajin Rugu, tsakanin Batsari da Safana, jikinsa ne ke dawowa bariki, hankalinsa na can. Babur ya wuce da gudu, gabansa ya faɗi. Dare ya raba, barci ya ƙi zuwa. A bakin daga abin ya fi muni, domin hankalin da ya gaji shi ke mance umarnin da aka bayar ta oba-oba, shi ke sa yatsa ya kai kan kunamar bindiga kafin ido ya tantance manomi ne ko ɗan bindiga.

Hankali ma ana yi masa atisaye. Farfesa Amishi Jha ta Jami'ar Miami ta wallafa bincike a 2010 kan sojojin Amurka da ake shirin turawa Iraƙi, waɗanda aka ba su horon tattara hankali na mako takwas. Waɗanda suka riƙa yi kamar minti 12 a rana, ƙarfinsu na riƙe bayani a ka bai ragu ba duk da matsin shirin tafiya. Na masu sakaci kuwa ya ragu. A 2019 an fitar da wani gwajin kan dakarun kundumbala: darasin awa takwas da aka shimfiɗa a mako huɗu ya yi amfani, wanda aka cusa a mako biyu bai yi ba. Wannan shi ne abin da kwamandojinmu ya kamata su riƙe, domin mun saba da bitar kwana biyu a raba takardar shaida a watse.

Yadda ake yi ba wuya. A zauna a miƙe, ƙafa a ƙasa, ido a runtse ko a sunkuyar. A zaɓi wuri ɗaya da ake jin numfashi, bakin hanci ko ciki, a tsayar da hankali a nan. Zai gudu, ya tafi gida, ya tafi kan alawus ɗin da bai shigo ba, ya tafi kan abokin da aka rasa. A lura ya gudu, a dawo da shi ba tare da zargin kai ba. Dawowar nan ita ce atisayen, mutum ya yi ta sau talatin ma bai gaza ba.

Kurakuran sanannu ne. Wanda ya sauko daga gadin dare, yana zama barci zai kwashe shi, gara a sa lokacin bayan sallar asuba ko kafin faretin safe, kuma ba a kan gadi ba ko kusa. Wanda ya ga tashin hankali, runtse ido kan dawo masa da abin da ya gani. Irin wannan ya bar idonsa a buɗe, ya mai da hankali kan tafin ƙafarsa, in abin ya ci gaba a kai shi ga likitan ƙwaƙwalwa, wannan horon ba ya maye gurbin magani.

Wasu za su ce ai asalinsa daga addinin Buda ne. Gaskiya ne, amma abin da ake koya wa soja babu bauta a ciki, kuma mai fafutukar halarto da zuciyarsa a sallah ya san wannan kokawar. A sa limamin bariki da fasto a ciki tun farko, a nuna musu darasin.

Birged ta 17 a Katsina da bataliya ta 171 a Daura za su iya gwadawa da rukuni ɗaya, mako huɗu kafin a tura su daji, kuma ofisan da ke jagorantarsu ya zauna a sahu ɗaya da yaransa.