Ƙannena, ku daina raina aikin aike

Salamu alaikum ƙannena maza da mata. Satin da ya wuce wani yaro da aka kawo min koyon gyaran waya ya ajiye min makullin shago ya yi tafiyarsa, wata uku kacal ya yi, wai shi ba a kawo shi don shara da sayo abinci da jera sukurori a gwangwani ba, so yake a ba shi wayar kwastoma ya buɗe. Wlh ban yi fushi ba, ni ma na yi irin wannan zafin kan a da, amma abin ya tsaya min a rai har na kasa barci, shi ne na ce bari in ba ku labarin wani mutum da na daɗe ina bibiya ko wani zai tsinci abin tsinta a ciki.

Ni dai tun lokacin da na yi aikin dare na kamu da kallon ƙwallon Amurka, ba bal ɗinmu ta ƙafa ba, waccan mai kama da gwanda da ƙarti ke saka hular kwano suna karo kamar raguna, wasansu na dare ƙarfe 1 ko 2 yake kamawa a wajenmu to da ita nake korar gyangyaɗi. Babbar gasar NFL ake ce mata, kulob 32 ne. Su ba kamar Turai ba ne da mai kuɗi zai je ya sayo yaron da ya ga dama, a'a, duk watan Afrilu ake zama a yi zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i, zagaye 7, mutum ɗari biyu da hamsin da 'yan kai, kuma kulob ɗin da ya fi kowa shan kashi a bara shi ke fara ɗauka. Kenan in ka zaɓi ruɓaɓɓe ka zaɓa, ba ka da wanda za ka ɗora wa laifi. Shi ya sa kowane kulob yake da mafarautan 'yan wasa, mutanen da aikinsu kawai su yi ta yawo suna kallon yara suna rubuta rahoto, a samansu kuma akwai janar manaja wanda shi ne mai yanke magana.

Wanda nake son ku sani sunansa Brad Holmes, janar manajan Detroit Lions. Baƙar fata ne, ya buga wasa a jami'ar North Carolina A&T amma bai kai matakin ƙwararru ba duk da mahaifinsa ya buga wa Pittsburgh Steelers. Aikin jarida ya karanta. Da ya gama sai ya tsinci kansa yana aiki a kamfanin ba da hayar motoci na Enterprise, mai digiri fa, ɗan tsohon ɗan wasa, yana miƙa wa mutane makullin mota. A 2003 ya samu ya shiga kulob ɗin Rams, lokacin suna St. Louis, kuma ba ta ƙofar da yake so ya shiga ba, ɗan koyo ne a ofishin hulɗa da 'yan jarida. Daga nan ya lallaɓa ya koma sashen farautar 'yan wasa a matsayin ƙaramin mataimaki, wato yaron ofis in za mu faɗi gaskiya, irin waɗanda ake turawa filin jirgi ɗauko baƙo, su yanka faifan bidiyo, su shigar da bayanai a kwamfuta, su zo kafin kowa su tashi bayan kowa.

To a nan nake so ku tsaya, don mutane suna ganin hoton janar manaja da kwat yana dariya ranar zaɓe ba su san me ke ƙarƙashi ba. Mataki na gaba shi ne a ba ka yanki, a ce jihohi kaza naka ne, duk jami'ar da ke ciki kai za ka sani. Daga wajen Agusta har ƙarshen shekara kana kan hanya kai kaɗai a mota, yau wannan gari gobe wancan, da sassafe ka shiga ɗaki mai duhu ka yi ta kallon bidiyon wasanni kana mayarwa baya kana sake kallo, da rana ka tsaya bakin fili kana kallon atisaye, da dare ka koma otal ka zauna rubuta rahoto har ido ya yi ja, iyalinka suna can wata jiha, ba mai tafa maka, sunanka ba ya fitowa a jarida. Kuma mafi yawan yaran da ka rubuta rahoto a kansu kulob ɗinka ba zai ɗauka ba, a shekara bai fi bakwai ko takwas ko goma za a ɗauka ba cikin ɗaruruwa. Amma a wannan maimaicin ne ido yake buɗewa. Ku tambayi dillalin shanu a kara, ya aka yi yake kallon sa sau ɗaya ya faɗi naman da zai yi? Ba karatu ba ne, dubbai ne suka wuce ta gabansa tun yana riƙe wa ubangidansa igiya.

Sai 2013 aka naɗa Holmes shugaban masu farautar 'yan jami'a na Rams, shekara goma kenan da shigarsa. A 2014 suka ɗauki Aaron Donald a lamba 13, wato mutum na 13 da aka ɗauka a zaɓen shekarar, yaron da wasu ke ta cewa ya yi gajarta ga matsayin da yake bugawa, ƙafa 6 da inci 1, daga baya sau 3 ana ba shi kyautar gwarzon mai tsaron baya na gasar gaba ɗaya. Abin dariya ma, Lions ɗin nan da Holmes yake yanzu su ke da lamba 10 a shekarar, suka tsallake Donald suka ɗauki wani. A Janairun 2021 ne suka kira shi ya zama janar manaja yana da shekara 41, bayan kusan shekara 18 a gida ɗaya. Kai kuma wata uku ka ce an ci zalinka.

Kuma kar ku ɗauka yana hawa kujerar komai ya yi daɗi. Lions kulob ne da aka mayar abin tsokana, a 2008 wasa 16 suka buga ba su ci ko ɗaya ba. Yana zuwa ya yi musanyar babban mai jefa ƙwallonsu Matthew Stafford zuwa Rams, ya karɓo Jared Goff da wasu lambobin zaɓe, shekarar farko suka ci wasa 3 kacal, shi kuma Stafford ya je ya ɗaga kofin Super Bowl, babban kofin gasar, a wannan kakar. Ku ƙiyasta irin baƙar maganar da ya sha. A 2023 ya ɗauki Jahmyr Gibbs a lamba 12 masu sharhi suka yi masa caa wai ya yi gaggawa, a kakar nan suka ci wasa 12, suka ci wasan fidda gwani karon farko cikin sama da shekara 30, kaka ta gaba suka ci 15 cikin 17. Abin da ya ba shi ƙarfin toshe kunne ba taurin kai ba ne kawai, mutum ne da ya kalli yara da idonsa shekara da shekaru ya ga inda ya yi daidai ya ga inda ya kwafsa, to surutun mai riƙe da makirfo ba zai girgiza shi ba.

Ba shi kaɗai ba ne. Eric DeCosta ya shiga Baltimore Ravens a 1996 cikin wasu samari da ake wa laƙabi da 'yan ashirin-ashirin, wato 'yan shekara ashirin da wani abu masu albashin dala dubu ashirin a shekara, kuɗin da a can ba wani abin kirki ba ne, ya zauna ƙarƙashin Ozzie Newsome har 2019 kafin ya gaje shi. Shi kansa Newsome shahararren ɗan wasa ne amma da ya ajiye wasa bai ce shi babba ne ba, ya koma ya fara daga kallon bidiyo da rubuta rahoto, a 2002 ya zama baƙar fata na farko da ya riƙe janar manaja a gasar. Howie Roseman na Philadelphia Eagles kuwa ko wasan bai buga ba, wasiƙu ya yi ta aika wa kulob-kulob tun yana ɗalibi ana share shi, sai 2000 ya samu shiga a ɗan koyo, ya zama janar manaja a 2010, a 2015 aka ƙwace ikon zaɓen 'yan wasa daga hannunsa aka bai wa koci, aka ajiye shi gefe. Da ɗayanmu ne ai a ranar zai rubuta dogon rubutu a Facebook kan butulci da maƙiya ya bar aikin. Shi ya zauna, shekara na zagayowa aka dawo masa da ikon, ya ɗauki kofi a 2018 ya ƙara a 2025. Kuma shi ma yana kuskure, a 2020 ya ɗauki Jalen Reagor ya bar Justin Jefferson wanda aka ɗauka nan take bayansa, har gobe ana masa gori a kai.

Wani abu kuma da ya kamata ya ba ku tsoro. In mafaraucin nan ya je jami'a ba koci kaɗai yake tambaya ba, don koci zai yabi yaronsa. Yana zuwa wajen mai kula da kayan wasa, da mai ɗaure musu ciwo, da mai bibiyar karatunsu, ya ce ya yaron nan yake, yana zuwa a kan lokaci? in an yi masa faɗa ya yake yi? ya yake mu'amala da ku? Yara da dama masu gudu kamar barewa sun zame ƙasa a zaɓe, sun yi asarar miliyoyin daloli, saboda abin da ƙananan ma'aikata suka faɗa a kansu. Mu ma haka ne a nan ai, duk wanda zai ba ka jari ko ya ba ka 'yarsa ba kai zai tambaya ba, maƙwabcin shagonku zai tambaya da mai shayin bakin layi, kai kana ganin ba kowa ba ne su alhali su ke riƙe da fayil ɗinka.

Kar wani ubangida ya karanta wannan ya ce na ba shi lasisin bautar da yaran mutane fa. Akwai masu riƙe yaro shekara biyar yana wanke musu mota ba su nuna masa komai ba, wannan zalunci ne kuma Allah zai tambaye su. Bambancin shi ne yaran ofis ɗin can ana aikensu amma ana barinsu su zauna a bayan ɗaki in manya na muhawara a kan ɗan wasa, kunnensu na sha. In inda kake ana aikenka kuma kana ganin aiki ana yi a gabanka, zauna ka buɗe ido, ka sayi ɗan littafi ka riƙa rubuta abin da ka gani da abin da kake zaton matsalar ce kafin oga ya faɗa, bayan wata shida ka duba sau nawa ka canka. In kuwa ko ƙofar ɗakin aikin ba a bari ka leƙa, to nemi wani wuri da sallama mai kyau, ba ajiye makulli a kan benci ba.

Ni ma da na zauna na yi wa kaina hisabi na ga ban taɓa gaya wa yaron nan dalilin jera sukurorin ba, alhali da su ake gane wace waya ce wace tun kafin a karanta sunanta, kuma wanda bai iya riƙe ɗan sukuru bai ɓata ba ya za a ba shi allon wayar dubu ɗari biyu. Jiya da magariba babansa ya kira ni yana ba da haƙuri, na ce Baba ba komai a turo shi ranar Litinin ƙarfe takwas. Na ware masa wasu matattun wayoyi guda huɗu a cikin kwali da zai riƙa buɗewa yana mayarwa bayan la'asar, tsintsiya kuma tana nan bayan ƙofa inda ya bar ta.