Lasisin zauren WhatsApp: wa ya nemi izini kafin ya zauna a fada?

Tun farkon shekarar 2025, lokacin da ministan sadarwa na Nijar ya bayyana cewa gwamnati na nazarin wajabta wa duk zauren WhatsApp ko Facebook da ya kai mutum 50 neman lasisi, nake jin wasu masu ilimi a nan Damagaram suna yaba wannan tunani, wai shi ne maganin labaran ƙarya. Abin da ya fi damuna shi ne sauƙin da suke miƙa ƴancin da ba nasu kaɗai ba.

A duba su wane ne ke cikin waɗannan zaurukan. Akwai na dangi, inda ake sanar da suna da ɗaurin aure da rasuwa. Akwai na matan adashe. Akwai na ƴan kasuwar Dole ta Damagaram, waɗanda ke tura wa juna farashin tiyar gero da canjin naira tun kafin a buɗe rumfa, galibi da saƙon murya, domin da yawansu ba su yi boko ba. Hirar da ake yi a ciki ita ce dai wadda samari ke yi a fada, a kan benci, shayi na tafasa a kan gawayi, kuma ba a taɓa jin ranar da aka ce su kai takarda ofishin magajin gari kafin su shimfiɗa tabarma ba.

Masu goyon bayan lasisi suna cewa ƙasa na cikin yaƙi, kamar ɗan ta'adda zai je ya yi layi ya karɓi takardar izini.

Ba rashin doka ne ke damun Nijar ba. A 2010 aka soke hukuncin ɗauri kan laifukan aikin jarida, sai dokar laifukan intanet ta 2019 ta dawo da shi ta bayan gida, kuma da ita aka tsare ƴar jarida Samira Sabou a 2020 kan wani rubutu a Facebook. A 2022 aka cire ɗauri kan ɓata suna da zagi, amma a watan Yunin 2024 aka maido da shi: shekara 1 zuwa 3 a kaso kan ɓata suna, shekara 2 zuwa 5 kan yaɗa abin da aka ce zai iya ta da hankalin jama'a, ko da kuwa labarin gaskiya ne. Wanda ya karanta wannan sharaɗi na ƙarshe, ya kuma ci gaba da cewa ƙarya ake yaƙa, to ya raina wa mutane hankali.

Ya kamata masu tafin yau su tuna da masu tafin 2019. Jam'iyyar da ta kawo waccan doka, wadda a zamaninta aka katse intanet na wayar salula bayan zaɓen Fabrairun 2021, an rusa ta tare da sauran jam'iyyu a 2025, dokar kuma tana nan daram a hannun wasu. Duk ikon da aka bai wa hukuma na yanke wa zai yi magana, gwamnati mai zuwa ce za ta gaje shi, kuma ita za ta fassara ma'anar "ta da hankali" yadda ta ga dama.

Wanda aka ɓata wa suna ya kai ƙara ya nemi diyya, ko a sasanta a gaban mai unguwa kamar yadda aka saba a unguwannin Birni da Zango. Wanda ya yi kiran a zubar da jini, dokar manyan laifuka ta ishe shi. Sauran hirar jama'a kuwa, har da shirmen cikinta, hukuma ta bar wa masu kula da zaurukan, waɗanda tuni suke korar mai kawo fitina ba tare da an biya ko dala ba.